Uwar Amaryar Hawa na Biyu

Idan kun ji ina zagin fina-finan soyayya, irin masu barkwancin nan da ake ƙarewa da biki kowa yana kuka yana dariya, kada ku ce tsufa ne ya ɓata mini rai. Ina da dalilina. Sunanta Pyo Chunsim, rumfarta tana jikin tawa a kasuwar garinmu Gunsan, can bakin teku, tun kanmu bai yi furfura ba. Ita busasshen kifi take sayarwa, ni taliya da romo. Na ɗan girme ta, shi ya sa take ce mini Yaya, ni kuwa duk sunan da ya zo bakina da shi nake kiranta, yawanci sakarya.

Chunsim 'yar ƙaramar mace ce mai faɗin fuska, gishiri ya tsattsage mata hannuwa. Ba ta iya ciniki ba ko kaɗan. Mai saye ya ɗaure fuska, ta rage masa. Ya yi mata fara'a, ta ƙara masa kifi. Sau nawa nake leƙowa daga bayan tukunyata in ce, "Ke, kasuwa kika zo ko rabon sadaka?" Sai ta gyara tabarau ɗinta mai kaurin gindin kwalba ta yi murmushi. In ba da tabarau ɗin nan ba, ba za ta bambance ni da turken lantarki ba.

Tana da 'ya ɗaya, Boram, amma sai da muka daɗe tare kafin na sani. Mijinta, Bang, a jirgin kamun kifi yake aiki. Ya sauko daga teku sai giya, giya ta hau kansa sai duka, uwarsa kuma ta ce ai matar ce ba ta iya bakinta ba. Ranar da ya karya mata haƙarƙari Chunsim ta fita, aka raba auren. A lokacin babu mai tambayar wa zai riƙe yarinya: 'yar gidan Bang ce, a gidan Bang za ta zauna. Boram ta fara makaranta ke nan, da giɓinta. Chunsim ta riƙa zuwa tana laɓewa jikin katangar makarantar don ta hango ta, har uwar Bang ta gane, suka tattara suka koma Daejeon. Ta bi su can sau ɗaya, aka rufe mata ƙofa a fuska. Ba ta sake komawa ba, kuma wannan rashin komawar shi ya riƙa cin ta shekara da shekaru.

Duk ranar da kasuwa ke hutu sai ta goge hannu da lemon tsami saboda ƙarni, ta nufi tsohon gidan siliman da ke bayan tasha. Ba ta kallon na yaƙi, ba ta kallon na fatalwa. Nata ɗaya ne: saurayi da budurwa su yi ta shirme, dangi su yi ta shiga tsakani, a ƙarshe a ɗaura aure.

"Ni fa ban ga abin da kike gani a ciki ba," na ce mata wata rana. "Yarinya ta zubar wa saurayi miya a riga, sun yi faɗa, sun shirya, uwarsa ta ce sam, kakarsa ta ce to, an yi biki. Kin ga na gama miki na wannan makon har da na mako mai zuwa. Zauna ki taya ni yanka albasa."

"Yaya, ke soyayyar kike kallo. Ni ba ita ke kai ni ba."

"To me ke kai ki? Kuɗin cizon kujerun?"

"A can fa mutum ya yi ta kwafsawa, ba a yar da shi. Uba ya gudu ya bar gida, ɗa ya sharara ƙarya, uwa ta faɗi abin da ba a faɗa. Mu 'yan kallo mu yi ta dariya, don mun san ba a gama ba. Can ƙarshe sai ƙofa ta buɗe, mai laifin ya shigo yana haki, takalmi ƙafa ɗaya. A ɗan yi shiru. Sai wani ya jawo masa kujera ya ce zauna, abinci zai huce. Shi ke nan fa, Yaya. Ba wanda ke cewa ina ka shiga."

Na ce mata ai don ba su za su wanke kwanukan ba. Amma na sha raka ta, kuma na sha yin dariya har in ƙware, don 'yan banzan sun iya abinsu. Abin da na lura shi ne, wajen da masoya ke rabuwa cikin ruwan sama, kowa na jan hanci, ita ko a jikinta. Sai an nuna dangi sun kewaye tebur suna rige-rigen nama, nan ne za ka ji ta tana shessheƙa, ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

Wata shekara, lokacin da kowane gida ke fama da tsuma kabeji da yaji, kimchi ɗin da muke tanada don hunturu, wata budurwa ta zauna a bencina ta ce a ba ta taliya. Doguwa ce, kayanta na ma'aikatan ofis. Na ajiye mata kwano, ba ta taɓa ba, idonta na kan rumfar kifi. Ina duban haɓarta na gane ko wace ce, don kullum ina ganin haɓar nan a gefena.

"Chunsim," na ce, "zo nan. Ajiye wuƙar tukuna."

Ta zo tana goge hannu a gaban riga. Suka dubi juna. Babu wadda ta rungume wata, babu kiɗan da ya tashi, sai mai ƙanƙara da ya wuce da amalankensa yana cewa a ba shi hanya.

"Babana ya rasu bara," in ji Boram. "Kaka ta riga shi."

"Na ji," Chunsim ta ce.

"Zan yi aure. Asabar ɗin ƙarshen wata, da tsakar rana, a Daejeon." Ta faɗi sunan gidan bikin, ta ce a hawa na uku ne. Ta miƙa hannu ta karɓi wayar Chunsim, ta danna lambarta a ciki, ta mayar mata. "Ban ce dole ba. Na dai faɗa."

Ta tashi ta tafi, taliyata ta kumbura a kwano. Na kasa kunne tun farko har ƙarshe, ba ta ce mata Mama ba. Amma kuma ba ta kira ta da wani sunan ba, ta bar wurin a buɗe.

Ga yadda ake buɗe biki a wajenmu. Iyaye mata biyu su ke fara shigowa, uwar ango cikin shuɗi, uwar amarya cikin ruwan hoda, kowacce ta kunna kyandir ɗin gidanta, su rusuna wa juna, sannan kowacce ta zauna a babbar kujerar da ke gaba. Ranar nan ba mai sa wannan launin sai uwa. To, kujerar nan ita ce duk abin da Chunsim take so a duniya. Washegari ta rufe rumfa ta tafi wajen maɗinkiya, ta ce hanbok take so, kayanmu na gargajiya, ruwan hoda, ɗinki sabo, ba na haya ba.

"Ta ce miki ki zauna a kujerar?" na tambaye ta.

"Ba ta ce ba."

"To ga lamba a wayarki. Kira ta ki ce, 'yata, a matsayin me zan zo? Magana ɗaya ce."

"Haba Yaya, ai ba a tambayar irin wannan. In na tambaya ta ce a'a fa? A waya a'a ba ta da wuya. Amma in ta ɗago kai ta gan ni tsaye a bakin ƙofa, cikin kayan, ana gab da farawa, bakinta ba zai iya ba."

"Wannan a silima ne, sakarya!"

"Su ma ai a wajen mutane suka gani."

Na yi faɗa, na yi lallashi, har na ce ba ni wayar ni in kira. Ta ɓoye ta cikin buhun kifi. Ba taurin kai ba ne, tsoro ne. Tsoro take ji ƙwarai, kuma hanya ɗaya ta sani da ake komawa cikin dangi, wadda ta gani a majigi: ka iso a ƙurarren lokaci, yadda ba za a samu damar korarka ba.

Ranar ta zo, muka hau motar safe. Ta yi kyau, wannan kam ba zan hana ta ba. An gyara mata gashi, an shafa mata hoda ta rufe tabon da Bang ya bar mata a gira. Gidan bikin irin manyan nan ne, kowane hawa da nasa auren, ana fitar da wasu ana shigar da wasu kamar motocin tasha. Falon ƙasa cike da jama'a, kowa na neman nasa. A nan ta cire tabarau ta jefa a jaka, ta miƙo mini jakar, don kayan ba su da aljihu.

"Mayar da shi fuskarki," na ce.

"Kin taɓa ganin uwar amarya da gindin kwalba a ido? Ke dai hau ki samu wuri. Zan shigo in lokaci ya yi."

"Lokaci ya yi tun shekaranjiya!"

"Don Allah, Yaya. Ni kaɗai nake so in shiga."

Na hau ina ƙunƙuni. A hawa na uku na miƙa ambulan ɗin gudummawata, na shiga na zauna kusa da wata mata da na gane ƙanwar Bang ce, goggon amarya, don hancinsu ɗaya. Kayan baƙi ne a jikinta, kuma ranta a ɓace yake. Ban tambaye ta komai ba, da kanta ta fara zuba.

"Ni na ce zan kunna mata kyandir, ni da na yi mata wanka tun tana ƙarama. Ta ce a'a, a bar kujerar. Na ce a bar wa wa? Ta ce a dai bar ta."

Kai! Na ji kamar in tashi in yi guɗa. Ashe yarinyar nan ta ajiye wa uwarta wuri. Na juya ina kallon ƙofa, ina cewa a raina shigo mana, shigo, an riga an ba ki.

Uwar ango tana tsaye a bakin ƙofa cikin shuɗinta, ita kaɗai. Mai gabatarwa ya yi barkwanci ɗaya, ya ƙara wani, ya dubi agogo, wani ma'aikaci ya yi masa alama da hannu cewa akwai masu jiran zauren. Haka matar nan ta taka ita kaɗai ta kunna nata. Ɗaya kyandir ɗin wata ma'aikaciya ce ta lallaɓo ta gefe ta kunna shi da ashanar gas, irin wadda nake kunna murhuna. Sai ango ya shiga, sai Boram, baffanta na riƙe da hannunta. Ta dubi kujerar, ta waiwaya ta dubi ƙofa. Jama'a suka fara raɗa.

Na zaro wayata na kira Chunsim. Sai ga kiɗa yana tashi daga kan cinyata, daga cikin jakarta, duk layin suka juyo suna harara ta. Na fice da sauri. Na sauka falon ƙasa, babu ita. Na duba banɗaki, na leƙa titi, na tambayi mai gadi ko ya ga wata cikin ruwan hoda, ya ce Inna, yau na ga sun fi goma. Na ɗauka tsoro ne ya kore ta ta gudu tasha, har na fara zaginta a fili.

Abin da ya faru kuwa, daga baya ta ba ni labari, ga shi. Tana tsaye jikin ginshiƙi tana tattara ƙarfin hali, sai wata ma'aikaciya mai abin magana a kunne ta zo da gudu ta kama hannunta.

"Ke ce uwar amarya? Wayyo, tun ɗazu muke nemanki! Amarya har ta fara kuka, ta ce ba za a fara ba sai kin zo."

Ku gaya mini, wace magana ce a duniya za ta fi wannan daɗi a kunnen Chunsim? Ba ta tambayi wace amarya ba. Aka tura ta cikin lifta, ba ta ga lambar da aka danna ba, aka fito da ita, aka haɗa hannunta da na wata mata mai shuɗi, kiɗa ya tashi, ƙofa ta buɗe. Daidai yadda ta sha gani. Ta taka cikin fitilu tana ganin mutane dishi-dishi suna tafi, ta kunna kyandir, ta rusuna, aka zaunar da ita a babbar kujera. Ta ce mini tunda aka haife ta ba ta taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuka take kamar ranta zai fita, ba ta ma jin abin da mai gabatarwa ke faɗa.

A hawa na biyu take. Amaryar can marainiya ce, a gidan marayu ta tashi, kuma dangin ango masu ji da kansu ne. Sai ita da angon suka shirya, aka ce iyayenta suna ƙasar waje, sai ranar biki za su iso, suka ɗauko uwa da uba daga kamfanin da ke ba da hayar dangi. Uban haya ya zo, uwar haya ta maƙale a cunkoson hanya. Ma'aikaciyar ba ta san fuskarta ba, an dai ce mata ta nemo mace mai ruwan hoda da ke tsaye ita kaɗai.

Amarya ta shigo cikin farin kaya, wani dattijo na riƙe da ita. Daga nesa, ba tabarau, duk amare ɗaya ne. Dattijon ya miƙa ta ga ango, ya zo ya zauna a kujerar da ke gefen Chunsim, ya karkato yana murmushi don masu hoto.

"Uwargida, kin makara, kuma kukan ya yi yawa," ya raɗa mata. "Sabuwa ce ke a aikin? Ɗan share ido kawai ake yi. Kada ki ɓata kwalliya, da sauran hotuna."

A nan ta share hawayenta. Ta ƙanƙance ido ta dubi amaryar da kyau: gajera ce, zagayayyar fuska. Ta yunƙura za ta tashi, sai aka ce ango da amarya su gaida iyayen amarya. Suka zo gabanta suka rusuna har ƙasa. Yarinyar ta rungume ta, ta sa baki a kunnenta.

"Na san ba ke aka turo ba. Don Allah kada ki tashi. Ba su sani ba. In kika tashi na shiga uku."

Ta koma ta zauna. Ta ce mini a ranta cewa take, yanzu za a gama, in ruga sama, ai ana jinkiri a biki. Aka yi waƙa, aka yanka kek, aka ce hoton iyaye, aka ce hoton dangi, uwar ango ta riƙe mata hannu gam tana yaba yadda ta yi tarbiyya. A bakin zauren na same ta, bayan na bi hawa-hawa ina leƙe, ana watsewa daga hoton ƙarshe. Na ciro tabarau na ƙwama mata a fuska.

"Yaya," ta ce, "an gama?"

"An gama. Kujerarki tana can ba kowa a kai, tun farko har ƙarshe. Boram ta hana goggonta zama, ke ta ajiye wa."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu a tsaye ba sai ranar. Ban tsaya lallashi ba, na ja ta muka sauka ɗakin cin abinci da ke can ƙasa, inda duk bukukuwan gidan ke haɗuwa a ci tare. Na ce ko yanzu ba a makara ba, ki faɗa mata gaskiya, ai abin dariya ne. Ni da bakina na faɗi haka, ni da nake zagin silima.

Muna shiga muka ga Boram. Ta canza kaya, tana bin tebur-tebur da mijinta suna gaida baƙi. Ta ɗago ta ga uwarta cikin ruwan hoda, ta tsaya cak. Na ga leɓenta ya motsa. Chunsim ta taka ɗaya, ta buɗe baki.

"Surukata! Ashe nan kika ɓuya!"

Uwar angon hawa na biyu ce, ƙatuwar mace mai murya kamar lasifika, ta taho tana jan amaryarta da ɗaya hannun. Ta cafke kafaɗar Chunsim.

"Ga 'yarki nan tana ta raba ido, ina Mama, ina Mama. Zo mu ci abinci, kin sha hanya." Sai ta lura da Boram, ta washe baki. "A'a, ke ma amarya ce? Barka, barka! Ina taki uwar? Kin ga tamu nan, kukan da ta sha yau sai da ta sa ni ma na yi. Uwa ke nan!"

Na buɗe baki zan fasa ƙwan kowa ya huta, sai na ji farcen Chunsim ya nutse a wuyan hannuna. Ta dubi Boram. Ta dubi ɗaya yarinyar, wadda fuskarta ta yi fari fat, tana girgiza kai a hankali. Ta sake duban Boram. Magana ɗaya ake jira ta faɗa, waccan ba tawa ba ce, ga tawa nan. Boram ta tsaya tana jira, na rantse ta jira. Chunsim ba ta ce komai ba.

"Kin san su ne?" mijin Boram ya tambaye ta.

Boram ta haɗa hannuwa a gaba, ta rusuna yadda ake yi wa babbar baƙuwa.

"Baiwar Allah, ina taya ki murna," ta ce. Ta kama hannun mijinta suka wuce.

Na fizge hannuna na bi ta, na tare ta wajen da ake ajiye kwanuka. Na zayyana mata komai ina haki: tabarau, lifta, uwar haya, marainiya. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba.

"Na gane, Inna," ta ce. "Kuskure ne, na yarda. Amma da ta gane ba ni ba ce, ta tashi?"

Kafin in buɗe baki ta ƙara jefo wata.

"Yanzu da matar nan ta tambaya a gabana, ta yi magana?"

"Tausayi ne ya hana ta, 'yata. Yarinyar ba ta da kowa."

"Ni fa wa nake da shi? Ita an rufa mata asiri. Ni kowa ya ga kujerata." Ta sa yatsa ta tare hawaye kafin ya taɓa kwalliyarta. "Ki ce mata ta share lambar. Ku ci abinci kafin ku tafi, akwai nama."

Ta koma wajen baƙinta. Lambar kuwa ba a taɓa ɗauka ba, ni ma na gwada da tawa wayar har na gaji. Haushi nake ji har yau, kuma ban san wa zan ɗora wa ba. Na ɗora wa ma'aikaciyar, na ɗora wa Bang a kabarinsa, na ɗora wa masu shirya fina-finan da suka koya wa baiwar Allah cewa ana isowa a makare a tarar da kujera. Wani lokacin ita kanta nake ɗora wa, sai kuma in tuna fuskar marainiyar nan, in fasa.

Da na koma, sun zaunar da Chunsim a babban teburin dangin hawa na biyu, tsakanin uban haya da amarya. An cika mata faranti, ba ta taɓa ba. Ta can ƙarshen ɗakin Boram na ci gaba da bin tebura, ta juya mana baya. Na tsaya a bayan kujerar Chunsim da jakarta a hannu, ba wanda ya ce mini zauna.

"Surukata," in ji mai shuɗin, bakinta cike da nama, "tunda za ki koma ki bar mini ita, gaya mini, me ta fi so tana ƙarama? In riƙa dafa mata, kada ta yi kewarki."

Amaryar ta sunkuyar da kai. Uban haya ya yi gyaran murya zai ceci lamarin, amma Chunsim ta riga shi.

"Ƙwai," ta ce. "A kaɗa shi da ɗan romo, a turara a ƙaramar tukunya har ya taso. Ba a sa albasa, tsincewa take yi. A hura mata, don ba ta da haƙuri, kullum sai ta ƙona harshe. In ta ƙoshi sai ta kifa cokalin a kai ta ce hula ce."

"Ƙwai?" Matar ta zaro ido ta dubi amarya. "Ke da kika ce mini ƙwai na sa ki ƙaiƙayi? Lallai yaran yanzu! Wato girkina ne ba kya so!"

Duk teburin aka kwashe da dariya, har da masu buga tebur. Suka juyo suna kallon Chunsim, suna jira. Sai ita ma ta yi.